Babi na Biyar: Ƙanƙarar Fari da Haɗarin Zaftarewa a Jejin Tsauni

A tsaunukan rabin duniya na arewa, dusar ƙanƙara ta fari kan sauka ne cikin watan Oktoba, wata shekara ma tun ƙarshen Satumba. Ba ta cika yin yawa ba. Takan lulluɓe kawunan duwatsu da kaurin taƙi ɗaya ko biyu, sai gari ya washe, a shafe makonni ba a sake ganin hadari ba. A gangaren da ke fuskantar kudu, rana kan narkar da ita cikin 'yan kwanaki, ƙasa ta koma yadda take. A gangaren da ke fuskantar arewa kuwa, da cikin kwazazzabai masu inuwa, rana ba ta kaiwa gare ta, sai ta zauna daram. Wannan ragowar da ta zauna ita ce tushen mafi yawan haɗarin zaftarewa a farkon hunturu, kuma akwai shekarun da takan ci gaba da cin rayuka har cikin Fabrairu da Maris.

Jejin tsauni a nan yana nufin duk wani wuri da ke wajen filayen wasan zamiya da manyan hanyoyin mota. A filin zamiya akwai ma'aikatan da ke tashi tun da asuba su jefa nakiya a gangare, su zubo da duk ƙanƙarar da ke shirin zaftarewa kafin a buɗe wa jama'a ƙofa. A jeji babu mai yin wannan aiki. Masu zamiya, da masu baburan ƙanƙara, da masu hawan dutse, da maharba, da makiyaya, kowa kansa ne mai tsaron kansa.

Zaftarewar ƙanƙara iri-iri ce, amma wadda ta fi kisa ita ce ta falale. Falale shi ne shimfiɗar ƙanƙara wadda ƙwayoyinta suka manne da juna har ta zama abu guda, mai iya tsagewa ya tafi gaba ɗaya. Kafin ya zaftare sai an samu wata rarraunar shimfiɗa a ƙarƙashinsa, sai kuma gangaren ya kai tsayuwar da za ta ja shi. Mafi yawan irin wannan zaftarewa na faruwa ne a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, kuma an fi samun ta a wajajen digiri 38. Abin da ya rage shi ne mai tayarwa. A kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin da ake rasa rai a jeji, wanda abin ya rutsa da shi ne ya tayar da zaftarewar da nauyin jikinsa, ko kuma wani cikin abokan tafiyarsa.

Yadda ƙanƙara ke ruɓewa

Ƙanƙarar da ta kwanta a ƙasa ba ta zama yadda ta sauka. Ƙwayoyinta suna sauya siffa dare da rana, kuma abin da ke juya su shi ne bambancin zafi tsakanin ƙasanta da samanta. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta sha rana tsawon watannin zafi, don haka zafinta kan tsaya daf da sifili a ma'aunin Selshiyos duk tsawon hunturu. Saman ƙanƙarar kuwa, a daren da sama take garau babu gajimare, yakan yi sanyin da ya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili. Masana sun gano cewa idan bambancin ya haura digiri 10 a kowace mita ɗaya ta kauri, ƙwayoyin sukan daina mannewa da juna, su fara raunana.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ne zuciyar wannan babi. A ce saman ƙanƙara yana digiri 15 ƙasa da sifili, ƙasanta yana sifili. Idan kaurinta mita 2 ne, bambancin bai kai digiri 8 a kowace mita ba, ƙwayoyin za su ci gaba da dunƙulewa suna riƙe juna. Idan kuwa kaurinta santimita 30 ne kacal, irin na ƙanƙarar Oktoba, wannan bambancin ya zama digiri 50 a kowace mita, wato ninki biyar na abin da ake buƙata don ta lalace. Ƙarancin ƙanƙarar shi ne ke ruɓar da ita.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, tururin ruwa yana tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗan ɗumi, ya bi ta ƙofofin iska, ya daskare a gindin ƙwayoyin da ke samansu masu sanyi. Haka yake ta hawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Cikin mako ɗaya ko biyu siffar ƙwayoyin ta sauya: sun yi girma, sun yi kusurwa da shimfiɗaɗɗun fuskoki masu ƙyalli, na can ƙasa ma sukan zama kamar 'yan kofuna masu layi-layi a jiki, wasu su kai rabin santimita ko fiye. Wanda ya ɗebi irin wannan ƙanƙara a tafin hannu ba zai iya dunƙule ta ba, ko ya matse ta da ƙarfi, zubewa take yi ta tsakanin yatsu tana ɗan sauti. Wanda ya taka ta kuma sai ƙafarsa ta nutse har ta taɓa ƙasa. Masu zamiya a Amurka suna kiranta sukari, ko su ce ƙanƙarar ta ruɓe.

Akwai wasu raunanan shimfiɗu biyu da kan samu a wannan lokaci. Ta farko daskararriyar raɓa ce, wadda kan tsiro a saman ƙanƙara a dare mai sanyi, marar iska, mai ɗan laima. Da safe a kan gan ta tana walƙiya, tsaye a kan ƙanƙara cikin siffar gashin tsuntsu. Idan rana ko iska ba su kashe ta ba kafin wata ƙanƙarar ta sauka, sai a binne ta a tsaye, ta zama siririyar shimfiɗa mai saurin rushewa. Ta biyu ɓawo ne, wanda kan samu idan ruwan sama ya zuba a kan ƙanƙara ko rana ta ɗan narkar da samanta sannan ta sake daskarewa. Ɓawon kansa yana da tauri, amma a samansa da ƙasansa ruɓaɓɓun ƙwayoyi kan taru, kuma santsinsa kan ba falale hanyar zamewa.

Muddin ruɓaɓɓiyar ƙanƙara ce kaɗai a gangaren, haɗarin ba shi da yawa, domin babu falale. Rana ta ɓaci ne sa'ad da manyan hadura suka iso a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, suka zuba rabin mita ko mita guda a kanta. Sabuwar ƙanƙarar kan kwanta ta manne ta zama falale, alhali abin da take zaune a kai ba shi da ƙarfin riƙe ta. Kwatankwacinsa shi ne a baza tsabar gero a kan gangare sannan a ɗora faffaɗan katako a kai: katakon zai iya zama shiru, amma taɓawa kaɗan ta isa ta tafi da shi.

Aikin iska

Ko babu sabon hadari, iska kaɗai tana iya gina falale. Tana kwashe ƙanƙara daga gefen tsaunin da take bugawa, ta niƙe ƙwayoyin su zama gari, ta tsallake doron tsaunin da su, ta jibge a ɗaya gefen. Ƙwayoyin da aka niƙe suna mannewa da sauri, don haka falalen iska kan yi tauri cikin sa'o'i kaɗan. Iska mai ƙarfi tana iya tara ƙanƙara a gangare ninki da yawa fiye da saurin da take sauka daga sama.

A farkon hunturu wannan ya fi muni saboda wani dalili na ɗan Adam. Galibin tsaunin ba shi da ƙanƙarar da ta isa zamiya. Duwatsu da ciyawa duk suna waje. Inda ake samun fari fat mai kauri shi ne inda iska ta tara, wato cikin kwazazzabai da ƙarƙashin doron tsauni, da kuma inuwar arewa inda tsohuwar ƙanƙara ta zauna. Mai neman wurin zamiya can idonsa zai kai shi. Wurin da kawai ya ga ya dace da zamiya shi ne ainihin wurin da falale ke zaune a kan ruɓa.

Yadda falale ke tsagewa

Nauyin mutum a kan ƙanƙara yana raguwa yayin da yake ratsawa ƙasa. Idan rarraunar shimfiɗar ta wuce zurfin mita ɗaya, da wuya mai zamiya ya taɓa ta. A Nuwamba da Disamba kuwa tana kusa, santimita 40 ko 60 ƙarƙashin ƙafa. Idan nauyi ya kai gare ta, sai ƙwayoyin su rushe a wannan wurin, falalen ya ɗan zauna, zamansa kuma ya rushe ƙwayoyin da ke gaba, haka rushewar za ta yi ta gudu ta ƙarƙashin falalen ta kowace fuska. Mutum kan ji wata ƙara mai zurfi, dim, ƙasa ta ɗan motsa a ƙarƙashinsa, wani lokaci ya ga ƙananan itatuwa na nesa suna karkaɗawa. Wannan ƙarar iskar da ke cikin shimfiɗar ce take fita.

Rushewar ba ta buƙatar gangare don ta yi tafiya. Mutum yana iya tsayawa a kan shimfiɗaɗɗen fili a gindin tsauni, ya rushe shimfiɗar, rushewar ta haura mita ɗari ko fiye zuwa inda gangaren ya miƙe, falalen ya tsage a can sama ya sauko masa. Wannan tayarwa daga nesa na cikin abubuwan da suka bambanta ruɓaɓɓiyar shimfiɗa da sauran matsaloli. Haka kuma sawun waɗanda suka riga suka wuce ba shaida ba ce. Mutum biyar suna iya sauka lafiya ta inda falalen yake da kauri, na shida ya bi ta kusa da wani dutse inda ƙanƙarar ba ta da zurfi, gangaren ya tafi gaba ɗaya har da sawun na farkon. Busasshen falale kan kai gudun kilomita 100 a sa'a ko fiye cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Inda abin ya fi tsanani

Tsaunukan da ke kusa da teku, irin na gaɓar yammacin Amurka da Kanada da yammacin Japan, suna samun ƙanƙara mai yawa da wuri, sanyinsu kuma ba ya tsananta sosai, don haka zaftarewarsu kan zo ne lokacin hadari ko jim kaɗan bayansa, sannan abin ya lafa. Tsaunukan tsakiyar nahiya su ne gidan ruɓaɓɓiyar ƙanƙara. Jihar Kolorado ita ce babban misali: tsaunukanta dogaye ne, ƙanƙararta kaɗan, dararenta garau masu tsananin sanyi, iskarta mai ƙarfi. Ita ce jihar da ta fi kowace yawan mace-macen zaftarewa a Amurka. A tsaunukan Alps ma, kwaruruwan tsakiya masu ƙarancin ƙanƙara, irin yankin Engadin na Suwizalan, sun fi na gefen arewa fama da wannan matsala.

Hunturun 2020 zuwa 2021 ya nuna yadda abin ke tafiya daga farko har ƙarshe. Ƙanƙara ta sauka a jihohin Kolorado da Yuta cikin kaka, sai aka shiga dogon fari mai sanyi, ta ruɓe sarai. Da haduran Disamba suka ɗora mata nauyi, mutum 3 suka mutu a Kolorado cikin kwana biyu, 18 da 19 ga wata, na huɗu kuma ya biyo baya ranar 26. Waɗanda suka mutu a waɗannan ranaku biyun farko ƙwararru ne da suka daɗe suna yawo a tsaunukan. Shimfiɗar ba ta warke ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2021 falale ya zaftare a kwarin Millcreek kusa da birnin Salt Lake a Yuta, ya kashe mutum 4 a lokaci guda. Kafin hunturun ya ƙare Amurka ta rasa mutum 37, 12 daga cikinsu a Kolorado. Ba shekarar ƙanƙara mai yawa ba ce. Yawancin wannan ɓarna ta samo asali ne daga 'yar ƙanƙarar da ta sauka tun kafin mutane su fito da kayan zamiyarsu.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta ɗaya fuskar, wato babban hadari ya sauka da wuri ya tarar da mutane ba su shirya ba. A Disambar 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ostiriya da na Italiya suna ja-in-ja a tsaunukan Dolomite. An yi kwanaki ana zuba ƙanƙara, sannan iska mai ɗumi da laima ta biyo baya. An gina barikin sojojin Ostiriya na Gran Poz a jikin tsaunin Marmolada a inda igwar abokan gaba ba za ta same shi ba, amma a ƙarƙashin gangare mai tara ƙanƙara. Kwamandan wurin ya nemi izinin kwashe mutanensa, aka hana shi. Da asubahin 13 ga Disamba gangaren ya zaftare, sojoji tsakanin 270 da 300 suka halaka, kuma cikin wannan wata dubbai ne suka mutu ta wannan hanya a faɗin fagen dagar. A Nepal, ranar 14 ga Oktoba 2014, ragowar guguwar Hudhud ta zubo ƙanƙara a yankin Annapurna a daidai lokacin da matafiya suka fi yawa a hanyar Thorong La, mai tsayin mita 5,416. Aƙalla mutum 43 suka mutu, wasu cikin zaftarewa, wasu saboda sanyi da ɓatan hanya, cikinsu har da 'yan jagora da makiyaya 'yan ƙasar.

Wani nau'in da ya keɓanta da farkon hunturu shi ne zamewar ƙanƙara tun daga ƙasa. Idan ƙanƙara mai kauri ta sauka a kan ƙasar da ba ta riga ta daskare ba, musamman gangare mai doguwar ciyawa ko santsin dutse, gindinta kan jiƙe, duk tarin ya riƙa jan ciki a hankali. Alamarsa tsaga ce mai kama da buɗaɗɗen baki, ana hango baƙar ƙasa a cikinta. Mutum ba ya tayar da irin wannan, kuma ba a iya sanin sa'ar da za ta saki. Abin yi kawai shi ne kada a daɗe a ƙarƙashinta.

Abin da ke jiran wanda aka ja

A tsakiyar hunturu ƙanƙara ta binne duwatsu da kututture da faɗaɗɗun itatuwa, hanyar zaftarewa ta zama sumul. A Nuwamba duk suna nan, wasu a fili, wasu santimita kaɗan ƙarƙashin fari. Ƙaramar zaftarewa da ba ta isa ta binne mutum ba tana iya jan sa ta kansu ta karya shi. Ranar 13 ga Nuwamba 2011, Jamie Pierre, shahararren ɗan wasan zamiya, ya mutu a Yuta ta wannan hanya: zaftarewar ta ja shi ta kan duwatsu, kuma raunuka ne suka kashe shi, ba binnewa ba. Abin ya faru ne a cikin harabar wani filin zamiya da bai riga ya buɗe ba. Wannan ma darasi ne da ake yawan mantawa. Filin da ba a buɗe ba jeji ne, domin babu wanda ya jefa nakiya a gangarensa, amma masu zuwa sukan shiga da kwanciyar hankalin da suka saba da ita a watan Fabrairu.

Siffar ƙasar da ke gindin gangare ita ma tana da muhimmanci. Rafi, ko rami, ko ƙunƙuntaccen kwazazzabo kan tara ƙanƙarar da ba ta taka kara ta karya ba ta zama tudu mai zurfin mita biyu ko uku a kan mutum.

Shirin mutane

Ƙanƙara ba ita kaɗai ce ba ta nuna ba a farkon hunturu. Mutane ma sun shafe watanni shida ko bakwai ba su taɓa kayan ceto ba, ga ɗokin fita, ga tunanin cewa abin da ya sauka bai isa ya yi ɓarna ba. Ranar 7 ga Oktoba 2017, a tsaunukan Madison na jihar Montana, falalen iska ya zaftare da wasu ƙwararrun masu hawan dutse biyu. Ɗaya ya fita, ɗayar kuwa ƙanƙara ta binne ta. Tana da na'urar da za ta nuna inda take, amma na'urar tana cikin jakarta a kashe. Abokin tafiyarta ya yi ta nema bai same ta ba. Babu abin da ya fi wannan ciwo: kayan suna nan, sanin yana nan, wataƙila abin da ya hana amfani da su shi ne ganin cewa Oktoba ce.

Wasu kuma ba su ma ɗauki kansu cikin masu fuskantar wannan haɗari ba. Maharbin da ke bin sawun dabba ya ratsa kwazazzabo, ko mai tattaki da ke bin hanyar da ya saba bi lokacin zafi, ba sa ɗaukar shebur, ba sa duba hasashe. Ranar 25 ga Disamba 2020, ranar Juma'a da jama'ar Tehran suka saba fita hawan tsaunukan Alborz da ke arewacin birnin, hadari da iska mai ƙarfi suka haddasa zaftarewa a wurare da dama, mutum fiye da 10 suka rasa rayukansu.

Wani mai bincike a Amurka, Ian McCammon, ya bi diddigin haɗurra 715 da suka faru tsakanin 1972 da 2003, ya nuna cewa mutane kan shiga haɗari ko da alamu suna gabansu, saboda wasu halaye na zuciya: sabawa da wuri, nacewa a kan niyyar da aka fito da ita, miƙa wuya ga wanda ake gani gwani, son a riga kowa taka sabuwar ƙanƙara, da son burge abokan tafiya. Sabawa ta fi cutarwa a farkon hunturu. Sabo turken wawa ne, in ji Bahaushe, kuma gangaren da mutum ya sauka sau da yawa a watan Maris, ƙanƙarar da ke kansa a Disamba wata aba ce dabam.

Karanta alamu

Ƙasashen da ke fama da wannan matsala suna da cibiyoyin hasashe. A Suwizalan an fara binciken ƙanƙara a tsaunin Weissfluhjoch da ke saman garin Davos tun 1936, kuma cibiyar SLF da ta tsiro daga nan ita ke fitar da hasashen ƙasar. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai hawa biyar, daga ƙaramin haɗari zuwa mafi tsanani. Kusan rabin mace-macen zaftarewa a Suwizalan na faruwa ne a hawa na uku, ba na huɗu ko na biyar ba, domin a hawa na uku gari kan yi kyau, ƙanƙara ba ta zaftarewa da kanta sosai, jira kawai take a taka ta. A farkon hunturu kuma hasashen kansa yana da gibi: cibiyoyi da dama ba sa fara fitar da na kullum sai Nuwamba ko Disamba, kuma masu aiko da rahoto daga jeji ba su yi yawa ba tukuna.

Shi ya sa ƙwararru ke yin wani aiki tun kafin babban hadari: sukan duba tsaunuka su ɗauki hoto, su rubuta wane gangare ne ke riƙe da tsohuwar ƙanƙara, a wace fuska, daga wane tsayi. Da zarar sabuwa ta sauka komai zai zama fari iri ɗaya, ba a bambance inda aka zuba a kan tsurar ƙasa da inda aka zuba a kan ruɓa. Wannan taswira ta Oktoba da Nuwamba takan yi wa mutum amfani har ƙarshen hunturu.

A cikin jeji, babbar alama ita ce ganin sabuwar zaftarewa a gangare mai fuska da tsayi irin na wanda ake shirin hawa. Sai ƙarar rushewa a ƙarƙashin ƙafa, sai tsagar da ke harbawa gaba daga bakin katakon zamiya, sai ƙanƙara mai yawa ko iska mai ƙarfi cikin kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, sai ɗumamar gari farat ɗaya. Akan kuma haƙa rami har ƙasa a duba shimfiɗun. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi yi, ana yanke ginshiƙin ƙanƙara mai faɗin santimita 90 da kaurin 30, a ɗora shebur a gefe guda, a buga sau 10 daga wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa, a ga ko tsaga za ta ratsa faɗin ginshiƙin. Idan ta ratsa, maganar ta ƙare, a juya. Idan ba ta ratsa ba, wannan bai zama izini ba, domin rami ɗaya labarin wurinsa kawai yake bayarwa, kuma ƙanƙarar farkon hunturu takan bambanta tsakanin taku goma.

Tun da ba a iya tabbatar da ƙarfin ruɓaɓɓiyar shimfiɗa, abin da ya rage a hannun mutum shi ne zaɓen ƙasa. Gangaren da bai kai digiri 30 ba, wanda kuma babu tsayayyen gangare a samansa, ba ya zaftarewa a kan mutum. Ido ba ya auna karkata daidai, don haka ake amfani da ƙaramin ma'auni ko taswirar waya mai nuna ta da launi. Inda ya zama dole a ratsa wuri mai shakka, ana ratsawa ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo daga amintaccen wuri.

Idan an binne mutum

Ƙanƙarar da ta zaftare takan ƙandare da zarar ta tsaya, wanda ke ciki ba ya iya motsa ko da hannu. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa rashin numfashi ne ke kashe su, sauran galibi raunuka. Bayanan da aka tattara a Suwizalan sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 30. Wani bincike na Kanada da aka buga a 2011 ya samu cewa a can faɗuwar kan fara tun daga minti 10. Babu wata rundunar ceto da za ta iso daga gari cikin wannan lokaci, balle a Disamba da rana ke faɗuwa da wuri. Ceto yana hannun abokan tafiya.

Kayan aikin uku ne: na'urar da kowa ke ɗaurawa a jikinsa a kunne, mai aika sigina a zangon kilohaz 457 wanda duk kamfanoni suka amince da shi, doguwar sanda mai naɗewa ta soka ƙanƙara, da shebur na ƙarfe. Haƙa ita ce ta fi cin lokaci, domin tono mutum daga zurfin mita ɗaya na nufin kwashe ƙanƙarar da ta kai tan guda ko fiye. Jakar iska da ake hurawa lokacin zaftarewa tana taimaka wa mutum ya tsaya a sama, amma ba ta kare shi daga dutse ko kututture, waɗanda su ne suka fi yawa a wannan lokaci na shekara.

Makomar shimfiɗar

Ruɓaɓɓiyar shimfiɗa ba ta warkewa da sauri. Sabuwar ƙanƙara kan daidaita cikin kwana biyu ko uku, falalen iska cikin 'yan kwanaki, amma manyan ƙwayoyi masu kusurwa sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su fara riƙe juna. Idan hunturu ya yi albarka aka samu mita biyu a kanta, bambancin zafi kan ragu, nauyi ya danne ta, ta yi zurfin da mutum ba ya kaiwa. Zaftarewa kan yi wuya a lokacin, sai dai wadda ta faru takan kwashe ƙanƙarar hunturun gaba ɗaya har ƙasa. Gangaren da ya riga ya zaftare a Disamba ma bai tsira ba, domin 'yar ƙanƙarar da ta rage a kansa siririya ce, takan sake ruɓewa, ya maimaita abin da ya yi idan wani hadarin ya zo. A ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, sa'ad da ruwan narkewa ya fara ratsa tarin ya isa gindi a karon farko, tsohuwar shimfiɗar kan jiƙe ta rasa ɗan ƙarfin da ta samu, a sake ganin manyan jiƙaƙƙun falale suna zaftarewa daga kanta.